IGIYAR BAKI: YADDA AKE ƘARASA GEFEN SAƘAR ULU

Da zarar hunturu ya kunno kai, sai ka ga ulu da kibiya sun fito a gidaje da ɗakunan kwanan ɗalibai. Wannan tana saƙa hula, waccan safa, wata kuwa shawul ne take gaggawar gamawa kafin ranar suna. Sana'a ce mai rufin asiri, domin jarinta kaɗan ne, ba ta kuma bukatar rumfa a kasuwa. Amma akwai wani abu guda da yakan rage wa aikin daraja, ko da an ɓata mako uku ana yinsa, watau baki. Sau da yawa za a ga tsakiyar riga ta yi kyau ƙwarai, ado ya fita, amma gefenta ya naɗe kamar tabarma, ko wuyanta ya saki ya yi lakwab bayan wanki biyu. Mai saye kuwa gefe yake fara kamawa ya duba. In ya ga baki bai zauna ba, sai ya rage kuɗi, ko ya ajiye ya yi gaba.

Masu sana'o'inmu na gargajiya sun daɗe da sanin haka. Maɗinki ba ya miƙa babbar riga sai ya sa mata shafi. Mai saƙar faifai takan ɗaure bakinsa tam, mai tabarma ma haka, don sun san daga baki lalacewa take farawa. To, ita ma saƙar ulu tana da nata dabarun na gyaran baki. A cikin wannan muƙala za mu yi bayanin guda ɗaya daga cikinsu, wadda za mu kira igiyar baki. Wata siririyar igiya ce mai rami a ciki, wadda ake saƙawa da ido uku kacal, tana bin gefen aiki tana manne da shi, har ta kewaye shi kamar an ja layi da alƙalami.

Me Ya Sa Baki Yake Naɗewa?

Kafin a nemi magani ya kamata a san cuta. Saƙar kibiya ta bambanta da ta masaƙa. Masaƙi yana aiki da zare iri biyu, na tsaye da abawa, suna gitta juna. Mai kibiya kuwa zare ɗaya tak take lanƙwasawa, ta zaro madauki ta cikin madauki. Kowane madauki shi za mu riƙa kira ido, jerin idanu daga wannan gefe zuwa wancan kuma layi.

Ido iri biyu ne. In an zaro zaren daga baya zuwa gaba, an yi saƙar gaba ke nan. In an tura shi daga gaba zuwa baya, an yi saƙar baya. Idan aka yi layi ɗaya na gaba, aka juya aka yi ɗaya na baya, aka ci gaba da haka, sai a sami saƙa mai santsi, irin wadda ake gani a jikin yawancin suwaita. A cikin wannan saƙa dukan idanu fuska ɗaya suke kallo, kuma duk wajen guda suka lanƙwasa. Shi kuwa zare kullum so yake ya miƙe. A tsakiyar aiki kowane ido yana da maƙwabta ta ko'ina masu riƙe shi, amma na gefe ba shi da mai tare shi ta waje. Saboda haka sai gefen dama da na hagu su naɗe zuwa baya, sama da ƙasa kuma su naɗo zuwa gaba. Wannan ba laifin hannun mai saƙa ba ne, halin saƙar ne.

Idan kuwa aka yi kowane layi da saƙar gaba, ana juyawa ana maimaitawa, sai a sami saƙa mai kunya-kunya, kamar kunyoyin gona. Ita wannan ba ta naɗewa, domin layi ɗaya yana ja gaba, na biye yana ja baya, ƙarfinsu ya zo daidai. A riƙe wannan bambanci, don zai yi mana amfani nan gaba.

Asalin Dabarar

Saƙar kibiya tsohuwar sana'a ce. Daga cikin mafi tsufan kayan da aka samu akwai safunan auduga masu adon shuɗi da fari, waɗanda aka tono a ƙasar Masar, aka kuma ƙiyasta an yi su tsakanin ƙarni na 11 da na 14. Daga baya sana'ar ta bazu a ƙasashen Turai, har a shekarar 1589 wani Bature a Ingila, William Lee, ya ƙera injin saƙa safa.

Ita ma siririyar igiyar ba sabuwa ba ce. Yara a Turai sun daɗe suna yin irinta da kwarkwaron zare na katako, a kafa masa ƙusa huɗu a ka, a riƙa naɗa ulu ana ɗaga madauki, igiya tana fita ta ramin ƙasa. Wadda ta fito da amfaninta sosai a saƙar kibiya ita ce Elizabeth Zimmermann. An haife ta a Ingila a 1910, ta koma Amurka da zama a 1937, ta zauna a Jihar Wisconsin, inda ta yi shekaru tana koyar da saƙa ta hanyar littattafai da wasiƙu da talabijin, har ta rasu a 1999. Ita ce ta laƙaba wa igiyar sunan raha mai ma'anar igiyar wawa, wai don sauƙinta ya kai ko wanda bai iya kome ba zai iya yin ta. Sunan da aka gajarta, Ai-kod, shi ne ake gani a takardun koyon saƙa har yau. Ba ta yi da'awar ita ta ƙaga ba. Ra'ayinta shi ne, a sana'ar da ta yi ɗaruruwan shekaru a hannun mutane, da wuya a ce wani ya zo da abin da ba a taɓa yi ba, sai dai ya tono abin da aka manta. Abin da ta yi shi ne nuna yadda za a manna igiyar a gefen riga, a rufe aiki da ita, a kuma fitar da ƙofar maɓalli a jikinta.

Kayan Aiki

Ba a bukatar kaya da yawa. Na farko ulu, ko ragowar wanda aka yi aikin da shi, ko wani launi dabam mai kauri ɗaya da shi. Na biyu kibiya biyu gajeru masu tsini a kowane ƙarshe. In babu su, kibiya mai kai ma ta isa, kuma mai koyo tana iya fara gwaji da tsinke biyu masu santsi da aka fiƙe. Na uku babbar allura mai faɗin kafa da dakusasshen tsini, sai almakashi da tef na awo.

A lura da lambar kibiya. A yanzu da milimita ake auna kaurinta, amma a gidaje da yawa akwai tsofaffin kibau masu lambar Ingila ta da, wadda take tafiya a juye, watau in lamba ta ƙaru kibiya ta sirance. Lamba 10 ita ce milimita 3.25, lamba 8 milimita 4, lamba 7 milimita 4.5, lamba 6 kuwa milimita 5.

A Fara da Igiya Zalla

Kada a taɓa rigar da aka sha wahala a kanta sai hannu ya saba. A ɗora ido uku a kan kibiya mai tsini biyu, a saƙe su da saƙar gaba. To, a nan dabarar take: kada a juya aikin. A mayar da kibiyar mai idanun hannun hagu, fuskar aikin tana kallon mai saƙa, a tura idanun zuwa ɗaya tsinin. Yanzu za a ga zaren yana fitowa daga ido na ƙarshe, nesa da tsini. A jawo shi ta baya, a ɗan matsa, a saƙe ido na farko da shi, sa'an nan sauran biyun. A sake turawa, a sake jawowa, a sake saƙawa. Mai kibiya mai kai sai ta riƙa mayar da idanun uku kan kibiyar hagu ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta murɗa su ba.

A layi uku na farko abin ba zai yi kama da kome ba. Bayan layi biyar ko shida, a kama gindin a ja shi ƙasa. Nan take za a ga zaren da ake gittawa ta baya ya haɗe gefe da gefe, saƙar ta zama bututu. Wato naɗewar nan da muka yi kuka da ita a baya, ita ce aka sa ta yi mana aiki. Ido uku shi ne aka fi yi. Ido biyu yakan ba da siririya ƙwarai, huɗu kuma mai kauri wadda ta dace da bargo. In aka wuce biyar sai zaren baya ya kasa rufewa, a ga tsani a bayan igiyar.

Hanya ta Farko: Rufe Aiki da Igiya

Wannan ta dace da inda idanu suke kan kibiya ba a rufe su ba tukuna, kamar ƙasan riga, ko saman shawul, ko bakin hannu. A riƙe aikin a hagu, fuskarsa tana kallon mai saƙa. A ɗora sababbin ido uku a bakin kibiyar, gaban idanun rigar. A saƙe biyu na farko. Sa'an nan a haɗa na uku da ido na farko na rigar, a soka kibiya ta bayansu, a saƙe su tare su zama ɗaya. Dalilin sokawa ta baya shi ne don idon igiya ya hau kan na riga ya rufe shi. Yanzu akwai ido uku a dama. A mayar da su hagu, a jawo zare ta baya, a maimaita. Kowane zagaye yana cinye ido ɗaya na rigar, har su ƙare, ya rage ukun igiya kawai. Sai a saƙe su tare, a yanke zare, a zura shi cikin madaukin ƙarshe a ja.

Akwai tarko a nan, kuma lissafi ne zai nuna shi. Ido a saƙa mai santsi faɗinsa ya fi tsayinsa. A ce a cikin santimita 10 ana samun ido 22 a kwance, amma layi 30 a tsaye. Bakin da yake da ido 66 faɗinsa santimita 30 ne. Igiyar da za ta rufe shi kuwa layi 66 za ta yi, wanda a wannan awo santimita 22 ne kawai. Ko da yake igiya takan ɗan miƙe, duk da haka za ta kasa, sai ta tattare bakin rigar kamar bakin jaka. In wuya ne, kan yaro ba zai shiga ba. Magani iri biyu ne. Ko dai a ɗauki kibiya mafi kauri a hannun dama, misali a bar milimita 4 a koma 5, ko kuwa bayan kowane ido uku a saƙa layi ɗaya na igiya zalla ba tare da an haɗa da riga ba. Da haka layi 66 zai zama 88, watau kusan santimita 29, baki ya kwanta.

Hanya ta Biyu: Manna Igiya a Gefen da Aka Gama

Wannan ita ce mai ceton aikin da aka riga aka sauke, kamar gaban riga mai maɓalli, ko kewayen bargo, ko tsohuwar suwaita da wuyanta ya saki. A ɗora ido uku a kibiya mai tsini biyu. A saƙe biyu. Na uku a zame shi zuwa dama ba tare da an saƙa ba. A naɗa zare sau ɗaya a kan kibiyar dama. Sa'an nan a soka tsinin a gefen rigar, a zaro sabon ido. Yanzu abu biyar ne a kan kibiya. A ɗaga idon da aka zame tare da naɗin, a tsallakar da su kan sabon idon su faɗa. An koma uku. A tura su ɗaya tsinin, a maimaita a wuri na gaba.

Wani zai tambaya, mene ne amfanin naɗin nan? Amfaninsa yana fitowa ne in launin igiya ya bambanta da na riga. In babu shi, sai a riƙa ganin ɗigo-ɗigon launin riga yana leƙowa ta jikin igiya. Naɗin shi ne yake rufe wannan.

Wajen soka kibiya a gefe, a zaɓi layi guda a bi shi daga farko har ƙarshe, ido ɗaya daga baki. In aka riƙa shiga ana fita, igiya za ta yi tafiyar maciji. Game da tazara kuwa, a saƙa mai kunya-kunya ana ɗaukar ido ɗaya a kowace kunya. A gefen saƙa mai santsi sai a fara da ɗaukar uku a tsallake na huɗu. Bayan an yi kamar santimita 5, a shimfiɗa aikin a kan tebur a duba. In gefe ya yi tattara, igiya ta yi gajarta, sai a rage tsallake. In ya yi balli-balli kamar kunnen kwando, ta yi tsawo, sai a ƙara. Hannun kowa dabam ne, ulu ma haka, don haka sai an gwada akan san na ƙwarai.

Wajibi ne a faɗi iyakar ƙarfin wannan igiya. Tana ƙarfafa baki, tana hana shi saki, amma ita kaɗai ba koyaushe take iya hana faffaɗar saƙa mai santsi naɗewa ba. Wani lokaci sai gefen ya kife gaba ɗaya tare da igiyar. Mai hangen nesa takan sa kunya uku ko huɗu a gefe tun tana saƙa jikin, sa'an nan ta ɗora igiya a kansu. Tun ran gini ran zane.

Hanya ta Uku: Igiya Mai Tafiya Tare da Aiki

Wannan ta fi sauran sauƙi, kuma ba ta bukatar kibiya ta musamman, sai dai tun farko ake shirya ta. Ta dace da mayafin wuya, da maɗaurin kai, da bargon da ake yi da saƙa mai kunya-kunya. A ƙara ido shida a kan adadin da ake bukata, uku na dama, uku na hagu. A saƙa layi har ya rage ido uku. A kawo zare gaba, a zame ukun nan zuwa dama ba tare da an saƙa su ba. A juya aikin. Yanzu zaren yana baya, ido uku daga baki. A jawo shi a saƙe ido na farko, a ci gaba har ƙarshen layi, inda za a sake barin uku a zame. Bayan layi takwas ko goma za a ga igiya tana tasowa da kanta a gefe biyu.

A nan idanun igiya sau ɗaya ake saƙa su a cikin kowane layi biyu. Wannan ya yi daidai da saƙa mai kunya-kunya, domin layukanta a takure suke, biyu ne suke ba da kunya guda. A saƙa mai santsi kuwa jiki zai fi igiya saurin tsawo, sai gefe ya ɗaure, aikin ya lanƙwashe kamar baka. Saboda haka kada a matse zaren da ƙarfi wajen juyawa.

Kusurwa da Ƙofar Maɓalli

Wanda ya taɓa kallon masu tsere a filin wasa ya san mai bin layin waje ya fi yin tafiya mai nisa wajen kwana. Haka igiya take a kusurwar bargo. In aka bi kusurwa kamar miƙaƙƙen wuri, sai ta tattare ta yi kamar kofi. Idan an iso, a saƙa layi ɗaya ko biyu na igiya zalla, a haɗa idon kusurwa, a sake yin ɗaya ko biyu zalla, sa'an nan a ci gaba. A yi adadi ɗaya a dukan kusurwa huɗu.

Ƙofar maɓalli ma da wannan dabara ake fitar da ita. In an zo inda ake so, a saƙa layi uku na igiya zalla, a tsallake wuri uku a gefen riga, a koma haɗawa. Tsagar da ta rage tsakanin igiya da riga ita ce ƙofar, kuma ba a ganinta sai an sa maɓalli. In idanun rigar suna kan kibiya ne, sai a rufe ukun da za a tsallake tukuna, don kada su warware. A yi wa wuraren alama da zare tun kafin a fara, a kuma gwada maɓallin a ƙofa ta farko. Ya shiga da ɗan ƙyar ya fi, domin saƙa takan saki da amfani.

In igiya ta kewayo ta iso inda ta fara, a yanke zare a bar kamar santimita 20. A zura shi a babbar allura, a ɗinke idanu ukun ƙarshe da ukun farko, ana bin yadda zare yake tafiya a cikin saƙar. Sauran zaren a tura shi cikin ramin igiya, a fito da shi can gaba, a yanke. Ba a ƙulli, domin ƙulli yakan kwance a wanki, kuma yana damun fatar jariri.

Lissafin Ulu

Igiyar nan siririya ce a ido, amma tana da ci. Kowane ido na gefe sai an saƙa masa uku, watau bakin da aka rufe da ita yana cin ulun da zai yi layi uku ko fiye. Ba abin takaici kamar ulu ya ƙare saura taƙi ɗaya a gama, a je kasuwa a tarar launin ya ƙare, ko a samo wanda rininsa ya ɗan bambanta. Ba a fafe gora ranar tafiya. A auna mita ɗaya na ulu, a yi masa alama, a saƙa igiya da shi, a auna tsawon da ya bayar. A ce ya ba da santimita 8. Bargon jariri mai faɗin santimita 75 da tsawon 90 kewayensa 330 ne. In aka raba 330 da 8 za a sami 41 da ɗoriya. Sai a tanadi mita 45, saboda kusurwa da ɗinkin ƙarshe. Takardar da ke jikin ƙullin ulu takan nuna yawan mitar da ke ciki, don haka kada a yar da ita.

Gargaɗi Game da Kayan Yara

Wannan sashe ya fi kowanne muhimmanci, musamman ga iyaye. Da yake igiyar tana da sauƙi da kyau, masu saƙa sukan so su yi ta doguwa su zura a wuyan riga ko a hular jariri don ɗaurewa. Wannan yana da hatsari. Igiya mai reto tana iya maƙalewa a ƙusa, ko a ƙofa, ko a jikin gado, ta shaƙe yaro, shi kuwa ba shi da wayon kwancewa. Saboda irin wannan ne Ingila ta kafa doka a 1976 wadda ta hana sa igiyar zuge a hular rigunan sanyi na ƙananan yara. A Amurka ma hukumar da ke kula da lafiyar kayan da ake sayar wa jama'a ta ba da shawara a 1996 cewa a cire irin wannan igiya daga wuya da hular rigunan yara.

Igiyar da aka manna a baki daga farko har ƙarshe ba ta cikin wannan, domin ba ta da inda take reto. Don haka a kayan yara a tsaya ga mannanniya. In ana so a rufe wuya, a yi ƙofar maɓalli, a kuma ɗinke maɓallin da ƙarfi, a riƙa dubawa bayan kowane wanki, gama yaro kome ya samu baki yake kaiwa. A juya safar jariri a duba cikinta, kada a bar sakakken zare, don yana iya naɗe ɗan yatsa ya hana jini gudu. Rigakafi ya fi magani.

Wanki da Adana

Yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa ba gashin tumaki ba ne, zaren akirilik ne da ake yi a masana'anta daga sinadaran man fetur. Shi ba ya son zafi. In aka ɗora masa dutsen guga sai ya narke ko ya mutu ya yi laƙwas, igiyar ta baje, ba ta kuma sake tashi. Ulun gashi na ainihi kuwa ruwan zafi da cuɗa ne suke sa shi ya ƙanƙance ya dunƙule. Duka biyun a wanke su da ruwa mai sanyi ko mai ɗan ɗumi, a matse a hankali ba tare da murɗawa ba, a shimfiɗa a inuwa a kan tawul, a daidaita baki da yatsa. In aka rataye su a jiƙe, nauyin ruwa zai ja su su yi tsawo.

'Yan'uwana ɗalibai, wanda ya karanta wannan bai ɗauki kibiya ba, kamar wanda aka kwatanta wa hanya ne bai taka ba. A saƙa ɗan ƙyalle mai faɗin tafin hannu, a kewaye shi da igiya, a yi kusurwa huɗu da ƙofar maɓalli guda. Yamma ɗaya ta isa. Kada kuma samari su ce wannan aikin mata ne. A ƙasarmu maza ne suke zama a masaƙa, su ne kuma suke ɗinkin babbar riga, kuma a tsibirin Takile na ƙasar Peru maza ne suke saƙar kibiya tun suna yara.

Ku kuma iyayenmu, muna roƙo in kun ga yaro ya zauna da ulu yana ƙirga ido, kada ku ɗauka wasa yake yi. Awo yake koyo, da rabawa, da haƙuri, da gama abin da ya fara. Ƙulli biyu na ulu da kibiya guda biyu ba za su gagara ba, kuma hular da aka gyara wa baki da kyau za ta yi wa wa hidima, ta sauka kan ƙane, ba ta saki ba.